Endoskofi: wane suna za mu sa masa da Hausa?

Nas, Idi-Araba: Assalamu alaikum. Muna neman kalmar da za mu riƙa faɗa wa masu jinya a madadin endoskofi, wato duba cikin tumbi ko hanji da na'ura. In aka ce "hoton ciki" sai su ɗauka sikanin ne, su ba mara lafiya koko da safe, alhali ana so ya yi awa 6 bai ci komai ba. In aka ce "aiki" kuma su ƙi sa hannu, a zatonsu tsaga shi za a yi.

Likitan hanji, Agege: Wa alaikumus salam, Sista. Ni "leƙen hanji" na zaɓa, na'urar kuma "tiyon leƙe". Tiyo ne mai lanƙwasuwa, kaurin yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa, da siririyar kafa ta kamar milimita 3 da ake zura kayan aiki. Gyambon da ƙwayar H. pylori ke haddasawa a tumbi ko farkon ƙaramin hanji, ta baki ake isa gare shi. In yana zubar da jini, alamarsa bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Na taifod kuwa can ƙarshen ƙaramin hanji yake, yawanci a mako na uku yake fara zubar da jini, sai an bi ta dubura.

Tafinta, Mile 12: Ranka ya daɗe, leƙe gani ne kawai, ina maganin? Me zai hana a ce "madubin hanji"?

Likitan hanji: Malam, madubi ya riga ya zama sunan na'urar duba ƙwayoyin cuta ta ɗakin gwaji, za a rikita mutane. Amma maganarka ta farko tana kan hanya. Sai mu ƙara "tsayar da jini ta tiyo". A wanke wurin a ga bakin jijiyar, a tsira allurar adirenalin, maganin da ke matse jijiyoyin jini, mai haɗin 1 cikin 10,000 kewaye da gyambon, sannan a danƙe jijiyar da ɗan kilif na ƙarfe. Allurar kaɗai ba ta isa, da ƙarfinta ya sake jini kan dawo. A gyambon taifod na fi son kilif a kan ƙona bakin jijiyar da zafi, domin bangon hanjin ya yi siriri. Zafi ko yawan hura iska na iya huda shi, daga nan sai tiyata. Tiyo kuma ba ya kashe ƙwayar taifod, dole a ci gaba da magani irin su seftiriyazon.

Nas: To, Likita, a takardar sa hannu zan rubuta: "leƙen hanji da tsayar da jini ta tiyo, ba tare da tsaga ciki ba."