Tsohon Hannu ko Sabon Jini: Wa Ya Dace da Saman Jerin 'Yan Wasa?

Ɗan Auta: Salamu alaikum. Kakar ƙwallon Amurka ta jami'o'i ta ƙarato, kociyoyi sun fara fitar da takardar nan da ke nuna wanda ke riƙe da kowane gurbi, da na bayansa, da na bayan na bayansa. Ga matsayata, kuma a rubuta a ajiye: duk kocin da ya ɗora ɗan ajin ƙarshe a kan yaron da ya fi shi baiwa, don kawai ya daɗe a gidan, tsoro ne ke damunsa. Wanda ya fi iyawa shi zai fara, ko jiya ya gama sakandare.

Kawu na Atlanta: Wa alaikumus salam. Auta, tun da sassafe? Yaro fa man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Filin da ke ɗaukar mutum dubu ɗari ba filin sakandare ba ne.

Ɗan Auta: Kawu, a garinku aka yi abin, don haka ba sai na rantse ba. Ranar 8 ga Janairun 2018, wasan ƙarshe na kofin ƙasa, Alabama da Jojiya. Aka tafi hutun rabin lokaci Jojiya na da 13, Alabama ba ko ɗaya. Jalen Hurts, mai jefa wa Alabama ƙwallo, wanda sau biyu kacal aka taɓa cin Alabama yana riƙe da ita cikin shekara biyu, yadi 21 ya iya jefawa. Kocinsu Nick Saban ya zaunar da shi, ya sako Tua Tagovailoa, ɗan shekarar farko da bai taɓa fara wasa ba. A ƙarin lokaci aka kayar da Tua baya, saura yadi 26 kafin su sami sabon zagaye na dama huɗun da ake ba ƙungiya ta ci gaba da ƙwallo, kowa ya ce shi ke nan. Sai ya ɗaga kai ya wurga ta yadi 41 ta faɗa hannun DeVonta Smith, shi ma ɗan shekarar farko. 26 da 23. Ina man kazar ya narke?

Na Kwari: Ku yi mini uzuri, ni ƙwallon Turai na sani. Wannan har abin musu ne? Lamine Yamal yana da shekara 16 ya buga wa Sifaniya gasar Turai ta 2024. In yaro ya iya ai ya iya.

Malamin Lissafi: Alhaji, wasan ne ya bambanta. A nan ana karo ne jiki da jiki. Masu tsayawa a sahun gaba suna kare kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, da yawansu sun haura kilo 135. Shi ya sa ma NFL, gasar ƙwararru, ba ta ɗaukar kowa sai ya cika shekara uku da barin sakandare. Kafin 1972 kuwa, a manyan jami'o'i ɗan shekarar farko ba a ma barinsa ya buga wa babbar ƙungiya. Sannan canji ba shi da iyaka, ana shiga ana fita, don haka na biyu da na uku a takarda ba 'yan kallo ba ne.

Amma ina da tambaya ga Auta da Kawu duka. Tsakanin Hurts da Tua wa ya girmi wani?

Kawu na Atlanta: Hurts mana.

Malamin Lissafi: Tua ne babba. An haife shi a Maris ɗin 1998, Hurts a Agusta na shekarar. Dukansu 19 suke a daren. Kuma shi Hurts ɗin da ake kira tsohon hannu, a 2016 shi ne ɗan shekarar farkon da ya ture manyansa ya karɓi gurbin. Don haka abin da kuke musu a kai ba shekaru ba ne. Yawan wasannin da mutum ya buga ne, da yawan tarkon masu tsaron baya da idonsa ya taɓa gani.

Kawu na Atlanta: Na ji, Malam, amma wannan bai rushe maganata ba. Auta, tunda ka kawo labari, ka ƙarasa shi. Kada ka tsaya inda ya yi maka daɗi.

Wata goma sha ɗaya bayan nan, 1 ga Disamban 2018, fili ɗaya, abokan hamayya ɗaya, wasan ƙarshe na kofin SEC, gasar rukunin jami'o'in da su biyun ke ciki. Tua ya yi ta fama, ya jefa wa Jojiya ƙwallo sau biyu, sannan a zangon ƙarshe wani ɗan ƙungiyarsu ya taka masa idon sawu aka fita da shi. Jojiya 28, Alabama 21. Wa aka juya aka kira? Hurts, wanda ya shafe kaka guda a benci bai tattara kayansa ba. Ya jefa ta farko aka yi kunnen doki, sannan saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ya ruga da ƙafarsa yadi 15 ya shige. 35 da 28. Saban da ba a san shi da taushin zuciya ba, muryarsa sai da ta yi rawa a hirar da aka yi da shi bayan wasan. Da tsohuwar zuma ake magani, ɗana.

Ɗan Auta: Ai ni ka taimaka wa, Kawu. A benci yake, daga benci ya zo. Ban ce a kore shi daga makaranta ba, cewa na yi a sa shi na biyu.

Anti Nas: To ai nan gizo ke saƙar, Auta. Kana magana kamar in koci ya sauya suna a takarda, mutumin zai zauna inda aka ajiye shi. Hurts ya zauna. Nawa ne irinsa?

Dubi Clemson a wannan shekarar dai. Kelly Bryant ɗan ajin ƙarshe ne, shi ya kai su wasan kusa da na ƙarshe a kakar 2017. Bayan wasa huɗu kocinsu Dabo Swinney ya ce Trevor Lawrence, ɗan shekarar farko, shi ne zai riƙa farawa. Bryant ya ce abin kamar mari ne, ya bar ƙungiyar a makon. Asabar ɗin da ta biyo baya suka karɓi Syracuse, Lawrence ya sha karo tun kafin hutun rabin lokaci ya fita. Babu Bryant. Sai Chase Brice, wanda kwana kaɗan kafin nan shi ne na uku. Da ƙyar da jiɓin goshi suka sha, 27 da 23, da tafiyar yadi 94 a mintocin ƙarshe, kuma Travis Etienne ne ya ɗauki kayan a kansa, ya ruga yadi fiye da 200. Da Brice ya kuskure jifa ɗaya da ya yi wa Tee Higgins a damarsu ta huɗu, da wani labarin muke yi yau.

Ɗan Auta: Anti, "da" ba ta cin kofi. Me ya faru a ƙarshe? Wasa 15, nasara 15. Suka haɗu da Alabama a Janairun 2019, yaron ya yi musu 44 da 16. Shekara guda kafin nan, da Bryant, Alabamar nan ta ci su 24 da 6. A gaya mini inda Swinney ya yi kuskure.

Anti Nas: Ban ce ya yi kuskure ba. Caca ya yi, ta biya shi. Kai kuma kana so ka mai da caca doka.

Na Kwari: Me ya sa sai bayan wasa huɗu? Akwai wani sirri ne?

Malamin Lissafi: Akwai, Alhaji. A lokacin, ɗan wasa yana da kaka huɗu da zai buga cikin shekara biyar. Shekarar da ya zauna bai buga ba ana ce mata jar riga. A da, in ka shiga fili ko sau ɗaya, shekarar ta ƙone, sai dai in rauni ne ya fitar da kai. A 2018 aka sauya: kana iya buga har wasa huɗu ba a ƙirga maka ba. An yi dokar ne musamman don a riƙa ɗanɗana wa yara fili, amma Bryant ya yi amfani da ita ya ceci shekararsa, ya tafi Missouri. A Oktoban shekarar aka buɗe rajistar masu son sauya makaranta. A 2021 aka cire sharaɗin zaman shekara guda ga wanda ya sauya karon farko, kuma daga 1 ga Yulin 2021 'yan wasa suka fara karɓar kuɗin talla da sunansu. Tun daga nan takardar jeri ta zama abin da ake rubutawa da hannu na rawa. Wasu kociyoyin sai su rubuta sunaye biyu a gurbi ɗaya su sa "ko" a tsakani, wasu su ƙi fitar da ita gaba ɗaya.

Ɗan Auta: Yauwa Malam! Ƙofar nan kuma ba tsofaffi kaɗai ke fita ta cikinta ba. Kawu ya ba mu labarin wasan Disamba, bai faɗa mana wanda ke zaune a bencin Jojiya ba: Justin Fields. Kocinsu Kirby Smart ya riƙe Jake Fromm, ya bar Fields sai ɗan shiga-fita. A wasan nan ma sai da aka sako shi a wata dabarar yaudara saura minti uku, ana neman yadi 11 ya samu 2, Alabama ta karɓi ƙwallo a tsakiyar fili. Wata guda bayan nan ya koma Ohio State, a 2019 ya jefa ƙwallo 41 da aka ci maki da su, uku kacal abokan hamayya suka cafke masa. Wannan asarar wa zai biya?

Kawu na Atlanta: Kada ka taɓo mini Jojiya, don a nan za ka faɗi. Fromm ɗin ma yana ɗan shekarar farko ya karɓi gurbin lokacin da Jacob Eason ya ji rauni, ya kai su wasan ƙarshe. Za ka zaunar da wanda ya kai ka can? Sannan bayan duk masu tauraro biyar ɗin nan, wato waɗanda aka fi yaba wa baiwarsu tun daga sakandare, sun zo sun wuce, wa ya kawo kofin da aka yi shekara 41 ana jira? Stetson Bennett. Ya shigo 2017 ba tallafin karatu, aikinsa kwaikwayon kwatabak ɗin abokan hamayya a wurin atisaye. Ya tafi wata ƙaramar kwaleji a Mississippi ya dawo. Magoya baya suka yi ta kiran a sa JT Daniels, ina jin su da kunnena a gidan rediyo kullum. Smart ya toshe kunne. Janairun 2022, suka ci Alabama 33 da 18. Janairun 2023, suka ci jami'ar TCU 65 da 7, yana da shekara 25. Ba shi da tsayi, ba shi da ƙarfin hannun Fields, amma kafin a ɗaga ƙwallo ya riga ya karanta abin da masu tsaron baya ke shirin yi.

Mai Tasi: Ina ta karantawa tsakanin fasinja da fasinja. Ku duka kwatabak kuke ta yi, kamar mutum ɗaya ke buga wasan. Gurbi 22 ne a takardar, ban da masu bugun ƙafa. Mai cafke ƙwallo ko mai gudu da ita, in yana da sauri, tun ranar farko zai yi amfani. Amma sahun gaba mutum biyar ne da dole su motsa kamar mutum ɗaya, kuma na tsakiyarsu ne ke faɗin wa zai tare wa. Yaro ɗan 18 a gaban ƙaton ɗan 23 da ya yi shekara biyar yana ɗaga ƙarfe? Ni a nan ina bayan Kawu ɗari bisa ɗari.

Ɗan Auta: Yaya, a daren Tua ɗin nan wa ya tsaya a gefen hagu na sahun gaba bayan Jonah Williams ya ji rauni? Alex Leatherwood. Ɗan shekarar farko.

Mai Tasi: Don dole aka sa shi, ba don ya ture Williams ba. Kuma Alabama ce, inda na biyu ma zai fara wasa a kusan ko'ina. Je ka gaya wa kocin ƙaramar jami'a ya yi haka.

Anti Nas: Kuma mu riƙa tuna waɗanda abin bai yi wa kyau ba, don ba a nuna su a bidiyon tarihi. Dante Moore, tauraro biyar, UCLA ta jefa shi fili a 2023 yana ɗan shekarar farko. Ya yi ta miƙa wa abokan hamayya ƙwallo har aka mai da shi benci. Me ya yi? Ya koma Oregon da ƙafarsa, ya yarda ya zauna kaka guda a bayan Dillon Gabriel, mutumin da ya fara wasa sama da 60 a jami'a. Yaron da kansa ya ga yana buƙatar zaman. Arch Manning ma shekara biyu ya yi a bayan Quinn Ewers a Texas.

Ɗan Auta: Arch jikan Archie Manning ne, baffanninsa Peyton da Eli. Wanda ya fito daga gidan nan ba ya gaggawar komai. Yaron da iyayensa ke jiran ya fara samu ba zai zauna shekara biyu yana tafa wa wani ba.

Malamin Lissafi: Akwai kuma abin da ya kumbura ƙididdigar tsofaffi a 'yan shekarun nan: kakar 2020 ta korona ba a ƙirga wa kowa ita ba, shi ya sa aka ga 'yan shekara ta shida irin su Bennett da Gabriel. Waɗannan sun kusa ƙarewa. Kada Kawu ya ɗauka kullum za a samu ɗan 25 a ajiye.

Kawu na Atlanta: Ko babu korona, Malam, yanzu koci ba ya jira ya raini tsohon hannu, sayo shi yake. Ohio State da ta ci kofi a nan Atlanta a Janairun 2025, wa ke jefa mata? Will Howard, ɗan shekara ta biyar da aka ɗauko daga Kansas State, alhali suna da yara masu tauraro biyar a benci.

Ɗan Auta: A wasan nan, da abokiyar karawarsu Notre Dame ta matso, ana neman yadi 11 a dama ta uku, wa ya cafke ta yadi 56 ya kashe wasan? Jeremiah Smith. Shekararsa ta farko, kuma tun wasan farko na kakar aka sa shi a gaba, ba a ce ya jira layi ba.

Mai Tasi: Mai cafke ƙwallo ne, abin da na faɗa ke nan ɗazu. Kawo mini ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa da 'yan shekarar farko uku a sahun gaba, sai mu yi magana. Fasinja ya shigo.

Ɗan Auta: Zan nemo, Yaya. Kawu kuma har yanzu bai ba ni amsar Fields ba.