Za a iya ɗibar jinin majinyaci ba tare da izininsa ba?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Don Allah, in likita ya rubuta gwajin jini, dole ne sai an nemi yardar mai jinin? Har gwajin ƙanjamau?

Ma'aikacin Lab: Wa alaikumus salam, Hajiya. Dole ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ta hana ɗibar jinin mutum sai da yardarsa, in ba halin gaggawa ba, kamar wanda aka kawo a sume. A gwajin yau da kullum amincewar baki ta wadatar, amma bayan an gaya masa sunan gwajin, dalilinsa, da yawan jinin, galibi mililita 2 zuwa 5 a kowace kwalba. Miƙa hannu ba tare da bayani ba ba yarda ba ce.

Nas Mai Dare: Na ƙanjamau sai an faɗa masa ƙarara, a yi masa nasiha kafin da bayan gwaji, kuma sakamakon sirrinsa ne. Inda ake kuskure: a ɗebi jini don maleriya, a ƙara wani gwajin a kai bai sani ba.

Ma'aikacin Lab: Ƙaramin yaro iyayensa ke amincewa. Matar aure kuwa ita ke da ta cewa, ba mijinta ba.