Shawarwari ga mai son karanta almarar Sin a fassarar Turanci

Mu masu karanta irin waɗannan labarai mun daɗe muna musu kan yadda sabon mai karatu zai fara, ga abin da aka tsayar. Da farko ka san abin da ka ɗauka. Wuxia labarin jarumai ne masu takobi da dabarun faɗa, irin na marubuci Jin Yong. Xianxia kuwa jarumin yana tara ƙarfin da suke kira qi, mataki bayan mataki, yana neman rayuwar da ba mutuwa. Wannan na biyun kan wuce babi 1,000, don haka masu gajen haƙuri su fara da wuxia.

Inda aka fi tsayawa shi ne fassara. Kowa ya yarda a guji wadda na'ura ta yi: sunan mutum ɗaya sai ya canza sau uku, mace ta koma namiji. An fi yabon shafin intanet na Wuxiaworld, wanda aka buɗe a 2014, saboda mutane ne ke fassarawa.

Kalmomi irin su dao da dantian, kada ka tsaya bincike, za su zauna da kansu. Ni dai sunaye ne suka wahalar da ni. Sunan dangi ke zuwa farko, sai da na riƙa rubuta su a takarda.