Dawaki biyu barga guda, wa ya taɓa gwadawa?

Mai Danda, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu dawaki. Shawara nika nema ga waɗanda sunka riga ni ganin wanga al'amari. Ina da Danda guda, ingarma, shekararshi 6, tun yana dukushi shike hannuna kuma shi kaɗai ya saba zama cikin barga bayan gidanmu. To ƙanen babanmu ya rasu watan jiya, 'ya'yanshi duk suna Abuja da Kaduna babu mai iya riƙon doki, sai dangi sunka ce ni zan ɗauki Akawal ɗinshi. Ba ni iya cewa a'a wallahi, bisa bayan dokin nan na koyi riƙon linzami, yanzu ya tsufa ya kai shekara 18 kuma ba ni son ganin an ja shi kasuwa. Matsalar barga guda gare ni, rumfar kwano ce da katanga gefe uku, tsawo kamar ƙafa 24 faɗi 14, kuma babu filin gina wata. Duk wanda ya taɓa haɗa biyu wuri guda don Allah ya gaya mani yadda ta kaya mashi, mai daɗi da marar daɗi.

Kawu na Gidan Haki:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah shi jiƙan baffanka shi sa ya huta. Na hi shekara talatin ina kwana da dawaki, har barga mai doki takwas na riƙa kuma duk ingarmu, don ka san mu nan ba mu dandaƙe doki. Zaman lahiyarsu ga igiya shike. Mutane in za su kafa turke bakin doki suka aunawa, su ga baki bai kai ga baki ba su ce shi ke nan, sun manta doki juyawa shikai ya ba ɗan uwanshi baya. Kai in ka kafa turakunka, ɗaure kowane ga ƙafar gaba, ja shi har igiya ta miƙe tsaf, juya gindinshi wajen ɗayan, sannan ka ƙara tsawon ƙafar baya in ya miƙe ta harbi, duka biyun haka. In da sauran taki biyu tsakani to ka samu. Ƙafa 24 ta yi amma da ƙyar, don haka ka nemi azara biyu masu kauri ka gitta tsakiya, guda daidai ƙirjinsu guda ƙasa kaɗan, kada ka bar tazarar da ƙafa za ta shiga ta maƙale.

Kuma ka duba ƙulli da hannunka kullum dare, kada ka bar ma yaro. Wata shekara daren jajibirin Babbar Salla yaro ya ɗaure muna Kili da sabuwar igiyar leda, irin mai santsin nan da ba ta riƙe ƙulli, munka kwanta. Wajen ƙarfe uku naj ji ƙara kamar ana faskaren icce, kafin in kunna tocila Kili ya riga ya kama wuyan Bidi shina girgizawa, shi ko Bidi ɗaure shike ba wurin gudu. Fatar da ta ɗaye ta kai tafin hannuna. Ga sirdi an goge, ga jalala da kayan ado an shanya tun la'asar, amma sallar nan Bidi bai ga ƙofar fadar Sarkin Musulmi ba, maigidan kuma kwana uku bai yi mani magana ba.

Ɗan Kware:
Kawu Allah ya ƙara girma, maganarka dutse. Ni abin da ya same ni ba faɗa ba ne, ciwo ne. Na sayo goɗiya da aka shigo da ita daga Nijar ta Illela, lafiyayya a ido ga ƙiba ga sheƙi, ranar da ta iso na ɗaure ta kusa da tawa ta gida har bokitin ruwa ɗaya suke sha. Bayan kamar kwana biyar sabuwar ta fara majina mai kauri ruwan ɗorawa, ƙarƙashin muƙamuƙinta ya kumbura ta kasa haɗiyar dusa, kafin mako biyu tawa ma ta kama kuma ita ta fi shan wuya, kumburin ya fashe ƙuda ya yi ta bi. Kuɗin magani sai da ya kusa rabin kuɗin goɗiyar. Na san naka daga gidan dangi zai fito ba kasuwa ba, duk da haka ka fara ɗaure shi can gefe ko gindin dogon yaro ne, bokitinsa daban kominsa daban, ka ga yadda hancinsa da kashinsa suke tukuna.

Maman Halifa, Arkilla:
Ni ba mahayiya ba ce amma bargar maigidana jikin kicin ɗina take, don haka duk abin da suke yi ina gani ta taga. Muna da tsohuwar goɗiya Gunya da wani ɗan kuru da ya sayo wa yara. Da aka kawo shi kowa tausayinsa yake ji wai ƙarami ne kar ta taka shi, ashe shi ne mugun. Komi ɗaya ake zuba musu dusa da gero, kurun nan zai kwantar da kunne ya ɗan kai mata cizo a kafaɗa sai ta ja baya ta tsaya tana kallo, ya cinye nasa ya cinye nata. Maigida yana ta mamaki ana ƙara dusa goɗiya tana ramewa har haƙarƙari ya fito, na ce masa Alhaji ka zauna nan kan turmi ka ga da idonka, ya zauna, bai kai minti goma ba ya tashi ya tafi neman wani komin.

Shi kuma kurun cin nan ne ya kayar da shi. Wata safiya muka iske ya tsaya ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina da baya, ya ƙi taku ko ɗaya, kofaton da zafi in ka dafa. Likitan da ya zo ya ce hatsi ne ya yi masa yawa, kuru ba ya ɗaukar abincin babban doki, ya hana shi gero gaba ɗaya sai ciyawa da harawa kaɗan, ya ce a zuba masa yashi mai laushi ya tsaya a kai. Ya fi wata kafin ya koma daidai kuma har yau kofaton da zobe-zobe.

Abin da zai ba ka tausayi, duk zaluncin da yake mata ba ya iya rabuwa da ita. Ranar da aka fita da goɗiyar kilisa aka bar shi, haniniya ya dinga yi yana zagaya turke yana tonon ƙasa, jikinsa sharkaf da gumi kamar an yi sukuwa da shi, ƙarshe ya tsinke igiya ya bi ta har bakin titi, Allah ne ya tsare mai Keke Napep ya taka birki. Yanzu in za a fita da ɗaya sai yaro ya jawo ɗayan a baya.

Mahayi daga Bodinga:
Ni dai gaskiya zan gaya maka abokina ko ba ta yi daɗi ba, ingarma biyu rumfa guda ban ƙara yi. Na yi duk abin da Kawu ya faɗa, turke nesa da nesa, wata huɗu lafiya lau har ina yi ma mutane alfahari. Sai maƙwabcina ya kawo goɗiya bayan katangarmu, ranar da ta fara neman namiji iska ta kawo masu ƙanshinta, dawakin da ke shan ruwa kusa da juna sunka koma kamar ba su taɓa sanin juna ba. Aharas ɗina ya yi tabarya ya tuge turke gaba ɗaya da ƙasarshi, damina ce ƙasa ta jiƙe, ya sami ɗayan ga gwiwar baya. Dokin bai ƙara sukuwa ba, na sai da shi araha ina hawaye. Kuma abin kusan duk sati uku shika dawowa tunda haka goɗiya take. Kafin ka yanke shawara ka zagaya unguwarku ka ji ko da mai goɗiya kusa.

Ɗalibin likitan dabbobi, Jami'ar Danfodiyo:
Sannunku iyaye da yayye, ni ƙarami ne a nan amma bari in ɗan sa baki da abin da muke gani a asibitin koyarwa. Maganar Ɗan Kware haka take, ciwon nan yana iya ɓoyewa daga kwana 3 har 14 kafin ya nuna, shi ya sa ake ware sabon doki sati biyu zuwa uku. Yaya Mai Danda abin da ya fi damuna shekarun Akawal ɗin, doki mai shekara 18 haƙoransa sun sauya, yana tauna a hankali, in yana jin wani kusa da shi yana hura hanci zai riƙa haɗiya da sauri ko ya bar abincin, daga nan ciwon ciki ke farawa. Ka tambayi gidan marigayin abin da yake ci, ka ci gaba da shi, in za ka sauya ka yi sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Ruwa kuma kowa da nasa, zafin Afrilu da Mayu na Sakkwato da ake haura digiri 40 doki ɗaya yana iya shan lita 40 zuwa 50 a yini, in bokiti ɗaya ne ba za ka san wanda bai sha ba. Maganin tsutsa ka ba su rana ɗaya tunda ƙasa ɗaya suke takawa, sannan allurar tetanos tun kafin a ji ciwo, doki ba ya jure wannan cutar ko kaɗan.

Kawu na Gidan Haki:
Yaron ga ya yi karatu, Allah shi yi albarka. Abu guda zan ƙara, kada ka fara haɗa su cikin barga, nan gidan Danda ne shina ganin an shigo mashi. Ku hita da su kilisa da yamma kai da ƙanenka, kowa bisa nashi, ku yi tafiya jere har su gaji, kwana huɗu ko biyar. In za ka zuba abinci fara ba Danda.

Mai Danda, Mabera:
Jama'a na gode ƙwarai, na dawo da labari bayan sati shida. Akawal ya yi kwana 16 gindin dogon yaro na ƙofar gida, yara na ta kawo mashi ɓawon kankana. Mun yi kilisa kamar yadda Kawu ya ce, ranar farko Danda ya yi ta haniniya shina tafiya a karkace sai da hannuna ya yi kanta, rana ta huɗu ko kallon shi bai yi ba. Na gitta azara biyu, turakun kuma na haƙa masu rami mai zurfi na zuba siminti saboda labarin na Bodinga, na kuma zagaya unguwa babu goɗiya sai can wajen Gawon Nama. Daren farko kan tabarma na kwana bakin barga da tocila. Danda ya harbi azara sau biyu, ta sama ta tsage kaɗan, tsohon ko kunne bai kaɗa ba ya ci gaba da taunar harawarshi.

Yanzu matsalar Maman Halifa ta fara iso ni, shekaranjiya na hita da Danda shi kaɗai, tun daga bakin masallacin unguwa nika jin haniniyar Akawal, shi kuma Danda sai juyowa shikai shina amsawa. Kawu ga tambaya, Salla saura sati uku kuma tsohon ba shi iya tsayuwar hawa cikin rana da ƙarar bindiga, in na bar shi gida shi kaɗai tun hantsi har la'asar me zan yi mashi? Wani ya ce in ɗaure mashi tunkiya ko jaki kusa, ka taɓa ganin an yi?