"Ajiya maganin wata rana": wace ajiyar, kuma wace ranar?

Abban Sadik: Assalamu alaikum jama'a. A taimaka a warware min wata magana. Za mu tashi daga gidan da muke haya zuwa wani ƙarami, sai maiɗakina ta buɗe sito ta ce duk abin da muka yi shekara da shekaru ba mu taɓa ba a fitar da shi. Tsofaffin kuloli, risho da ya mutu, jarkoki, katifar yara, kwanukan samira na jerenta da ko sau ɗaya ba a ci abinci a ciki ba. Masu kyau a kira dillaliya, sauran a ba 'yan jari-bola. Hajiyarmu tana zaune a tsakar gida, ta ce "ajiya dai maganin wata rana ce." Maiɗakin ba ta tanka ba saboda surukuta, amma da dare ta ce min ita ba ta ga ranar ba, ɓera da kyankyaso kawai take gani. Yanzu gidan ba daɗi. Shin wannan maganar ta hau kan irin wannan tarkacen, ko wani abu dabam magabata suke nufi?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Hajiya ta fi gaskiya. Ranar da za a yi suna ko rasuwa a gidan, kulolin nan su za a nema. Je ka tambayi kuɗin kula ɗaya a kasuwa yanzu ka ji.

Baban Yara: Anti Maman Ilham, don taron yini ɗaya sai a cika ɗaki shekara goma? Mu da muka tashi, ranar biki maƙwabta ke kawo kwanuka, kowa da alamar jan farce a gindin nasa. Ɗakin da kayan nan suka cinye ma kuɗin haya ake biya masa.

Malam Ɗanlami: Ikon Allah, makon da ya wuce limaminmu ya taɓo kusan wannan a huɗuba, yana fassara ƙarshen Suratul Ma'un. Ya kawo abin da aka ruwaito daga Ibn Mas'ud, cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) suna ɗaukar ma'un a matsayin aron guga da tukunya. To, wanda ya kulle tukwane biyar a sito, maƙwabciyarsa tana girki a gwangwani, ya duba kansa. A ɗaya ɓangaren kuma Suratul Isra'i ta kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu. Ni a fahimtata karin maganar tanadi take koyarwa, ba ƙwauro ba.

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, ai Hajiya ba ta ce a hana aro ba. In ka rabar yau, gobe me za ka ba da aron?

Na Ƙofar Wambai: Ku bar ni na yi magana a matsayina na ɗan gwanjo. Da Bature ya riƙe wannan karin maganar, da mu ba mu da sana'a. Shi ya sa riga sau uku ya gaji da ita, mu buɗe dila mu same ta da sauran ƙamshin kanti. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, Naira ta faɗi, mutanen da a da ke aiko yaro don kada a gan su, yanzu da kansu suke tsugunawa suna zaɓe. Kaya in ya fita daga hannun wanda ba ya so ya shiga hannun mai so, ai bai lalace ba. Wanda ke kulle a sito shi ne ya mutu.

Gimbiya: Araha dai ba ta ado, Alhaji.

Na Ƙofar Wambai: Ranki ya daɗe, zo ranar buɗe dila ki ɗauki na farkon zaɓe. In kika wanke kika goge, wanda ya gane ki zo na mayar miki da kuɗinki.

Ɗan Kakuri: Gwanjon nan da kuke yabo yana cikin abin da ya kwantar da mu, shi da atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya da rashin wuta. Masaƙar farko ta Kaduna tun 1957 take. Mahaifina a masaƙa ya yi aiki har ya aurar da mu. Yau ku zo Kakuri ku ga ciyawa a harabar. Kuma a takarda haramun ne shigo da gwanjo Najeriya, amma ga shi nan ta Kwatano yake kwararowa.

Ɗan Nima: Yaya Ɗan Kakuri, mu nan Ankara ta ƙasar Ghana ba a hana ba, kuma muna ganin ɗaya fuskar. Kasuwar gwanjonmu ta Kantamanto ta cika da dila, amma wani dilan in an buɗe tsumma ne ya fi yawa, ba mai saye. Daga nan sai bola, sai kwata, sai bakin teku. A Janairun 2025 kuma gobara ta cinye babban ɓangaren kasuwar. Wani ya share ɗakinsa a Ingila, mu sharar ta sauka a kanmu.

Uwar Biyu: Kun yi nisa. Ku tsaya na ba ku labarin kakata, mu Iya muke ce mata, Allah ya jiƙanta. A wani ƙauye take a ƙasar Daura. Iya ba ta yar da komai. In an kwashe tuwo, ita ke karɓar tukunyar ta kankare ƙanzon tas, ta shanya a faifai a kan rufin rumbu, in ya bushe ƙarau ta zuba a wata randa da ke ƙuryar ɗakinta. Kuɓewa, yakuwa, rama, tafasa, zogale, duk da kaka take yankawa ta busar. Tokar murhu ta tace ta yi ruwan toka. Ruwan wankin hatsi na awaki ne. Ƙwarya in ta tsage ba ta zama sakaina sai gyartai ya ɗinke ta sau biyu ko uku. Akwai wata ƙwaryar furarta da nake tunawa, ɗinkin da ke jikinta layi uku ne, ya yi baƙi saboda daɗewa, in ta ɗora ludayi a kai sai ka ji wani ɗan ƙara na daban. Kishiyoyinta har waƙar habaici suke mata.

Gimbiya: Allah sarki. Ci gaba, Anti.

Uwar Biyu: Sai ga farin 1973. Wannan mahaifiyata ce ta ba ni, tana budurwa lokacin. Gero ya fito ya ƙone a tsaye, shanu suna faɗuwa a hanya, mutane suna gangarowa daga arewa da 'yan ƙullin kayansu. Rumbun gidan ya ƙare tun kafin bazara ta yi nisa. Iya ta buɗe randar nan. Kullum da hantsi ta ɗebo ƙanzo ta jiƙa, ta daka ɗan ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono ta kwaɗa, ta tara yaran gidan gaba ɗaya, nata da na kishiyoyin, kowa ta sa masa a tafin hannu. Da dare busasshiyar tafasa da rama. Babata ta ce ba ƙoshi ake ba, amma ba a kwana da wofin ciki. Har wata baƙuwa mai goyo da ta sauka a zaure, Iya ta riƙa ba ta har ta samu ƙarfin wucewa. Masu waƙar habaicin nan su suka dawo suna kankare mata tukunya.

Maman Ilham: To kun ji! Magana ta ƙare. Abban Sadik, a mayar da kaya sito.

Uwar Biyu: Anti, ban gama ba. Iya tana da wata 'yar tukunya da ta binne a ƙarƙashin gadonta, kuɗin ƙuli-ƙuli da na awaki take tarawa a ciki, ba wanda ya sani. A 1984 soja suka canza launin kuɗi, aka ba da kwanaki kaɗan a kai banki. Labarin ya iso ƙauye, amma Iya ta ƙi faɗa wa kowa tana da kuɗi, tana tsoron 'ya'yan miji. Da ta tono daga baya, ko goro ba sa saya. Na ga takardun da idona, don mu ta ba muna wasan 'yar tsana da su. Da ta rasu kuma aka buɗe adakarta, ga zannuwan saƙi da atamfofi tun na aurenta, ko ɗinki babu. Aka ɗaga na sama sai ya rabe a hannu, asu ya cinye ninkin. Babata ta yi kuka sosai, ba don zanen ba. Ta ce Iya ta shekara ashirin da zane biyu, ta wanke wannan ta ɗaura wancan, ga wannan dukiya a ƙarƙashin kanta. Har yau in na tuna ƙanzon sai na yi mata addu'a, in na tuna adakar sai zuciyata ta yi nauyi. Kuma mace ɗaya ce, da wannan karin maganar ɗaya a bakinta.

Malam Ɗanlami: Allah ya kai haske kabarinta. Ciyarwar da ta yi tana nan a mizani.

Baban Yara: Amin. Kun ga abin da ta ajiye don cikin mutane ya yi magani, wanda ta ɓoye wa mutane ya lalace.

Maman Ilham: A'a, Yaya. Kuɗin nan da ba a canza ba da sun yi magani. Laifin masu canji ne, ba na Iya ba. Mu ma a 2023 ba mun gani ba? Kuɗinka a banki, kana layi tun asuba.

Sarkin Barkwanci: Maganar canjin kuɗi kuwa, ai akwai waɗanda suka fi Iya iya binnewa. Su ba tukunya ba ce, tankin ruwa ne da soron bene. Kun manta buhunan da aka riƙa gani kuɗin ciki sun yi funfuna?

Ɗan Kakuri: Da rumbunan tallafin korona da aka fasa a Oktoban 2020, taliya da shinkafa har rufi, talaka yana kwana da yunwa.

Sarkin Barkwanci: Kada ka zarge su, karin magana suka bi. Ajiya maganin wata rana, ranar kuwa ita ce jajibirin zaɓe. Taliya biyu, sabulu ɗaya, atamfa mai hoton maigida. Namu na mazaɓarmu ya fi kowa iya tattali, ko kansa ajiye shi yake a Abuja, sai bayan shekara huɗu yake fito da shi a kakkaɓe ƙura.

Gimbiya: Wallahi ka sa na ƙware! Atamfar tasu ma wanki ɗaya fuskar ke zubewa.

Na Ƙofar Wambai: Irin wannan ko kyauta aka kawo min rumfa ba na karɓa.

Malam Ɗanlami: Jama'a a dawo kan magana, kada mu ci naman mutane.

Bamaraɗiya: Ni a wajenmu tsofaffi kan hatsi suke faɗar ta. Gero a zangarniyarsa cikin rumbu yana shekaru bai yi komai ba, kuma magidanci na ƙwarai ba ya taɓa na bana sai na bara ya ƙare. Amma kayan da suke ajiyewa a da, ƙasa na iya cinye su in sun gama aiki: ƙwarya, faifai, tabarmar kaba, akushi. Yanzu roba ce da leda. Jarkar da ta sha rana ta fashe ba ta maganin kowace rana, kuma in ka yar, akuya ta ci leda ta kumbura. Mu fara rage sayowa tukuna.

Abban Sadik: Na gode ƙwarai. Na karanta wa maiɗakin labarin Iya, ta ce adakar ce hujjarta. Na ba Hajiya labarin, ta ce randar ce hujjarta.

Baban Yara: To a raba: abin da zai yi aiki a bana a riƙe, sauran a duba dangi masu aurar da 'ya.

Maman Ilham: Wa zai kai wa amarya tsohuwar samira a wannan zamanin? Sai dangin miji su yi da ku. Ni dai da tsohuwar zuma ake magani.

Gimbiya: Karen bana kuma shi ke maganin zomon bana, Anti.

Uwar Biyu: Ku dai ku yi ta yi. Bamaraɗiya, ku ma da ƙuli-ƙuli kuke kwaɗa ƙanzo, ko da mai da yaji? Yarana sun ƙi ci, wai abincin ƙauye ne.

Bamaraɗiya: Da ƙuli, a yanka albasa da tumatir, a ɗan ɗiga man gyaɗa. Kada ki jiƙa ya yi laushi da yawa. Ki ba su da yunwa bayan makaranta ki gani.

Gimbiya: Alhaji na Wambai, ba wai zan saya ba, ƙanwata ce ke tambaya. Rigunan sanyi na yara sun fara shigowa?

Na Ƙofar Wambai: Sun fara, ranki ya daɗe. Ki ce wa ƙanwar taki ta zo da sassafe kafin 'yan sari su tsince, kuma tun yanzu, don in hunturu ya kama kuɗin ba zai tsaya a nan ba.