Neman kalma: yadda za mu ce "switch" tsakanin manhajoji lokacin nunin majigi

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamaina. Ina fassara wani ɗan jagora na horar da malamai, kuma dole in miƙa shi da safiyar Alhamis. Akwai sashen da ke koya wa mai gabatarwa yadda zai bar PowerPoint, manhajar nunin majigi, ana tsakiyar nuni, ya shiga wata manhaja kamar Excel ko burauza (manhajar shiga intanet), ya nuna abin da zai nuna, sannan ya dawo kan fallen da ya tsaya ba tare da ya kashe nunin ba. Kalmar da jagorar ta yi ta maimaitawa ita ce "switch". Na rubuta "sauya manhaja", amma raina bai kwanta da ita ba.

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam, Malama. Ranki ya yi gaskiya, domin "sauya manhaja" na nufin an ajiye wata an ɗauko wata a madadinta, kamar wanda ya cire PowerPoint daga kwamfutarsa ya sa wata manhajar nunin kamar Keynote. A nan kuwa manhajojin biyu duk a buɗe suke, mutum ne ke tafiya yana dawowa. Ina ba da shawarar "kai-komo tsakanin manhajoji" a matsayin suna, sannan a cikin umarni ki yi amfani da "koma kan" da "dawo kan", tunda wasalin -o da ke ƙarshen "dawo" ya riga ya nuna cewa majigin ne mazaunin mai magana.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, ina da ƙarin bayani kafin a yanke. A Windows, idan ka riƙe maɓallin Alt ka taɓa na Tab, tagogi ne ke jeruwa, wato filayen da kowane abin da ka buɗe ke bayyana a ciki, har takardun Word biyu kowace da tata tagar. A Mac kuwa Command da Tab manhajoji yake jerawa. Idan jagorar ta Windows ce, "tsakanin tagogi" ya fi daidai. Ni da abokan aikina dai "tsallaka" muke cewa: tsallaka Excel, tsallako majigi.

'Yar Rediyo: Injiniya, "tsallaka taga" ba za ta karantu a gaban jama'a ba, domin duk wanda ya ji zai tuna da ɓarawo. "Kai-komo" ta fi daɗin faɗi, sai dai tana ɗauke da ma'anar zirga-zirga mai yawa, alhali wani lokacin sau ɗaya tak mai gabatarwa zai fita.

Dattijo: 'Ya'yana, kun bar kalma a gida kuna nema a dawa. Abin da mutumin nan ke yi leƙe ne: ya leƙa ya dawo. Ku kira shi "leƙa-ka-dawo", a kan tsarin "faɗi-ka-mutu" da kakanninmu suka raɗa wa tangaran. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita, kuma babu wanda ya taɓa neman ƙarin bayani. Abin da ke ba ni takaici shi ne, ko a wannan zauren sai ga "burauza", gobe kuma a ce "silaid", kamar harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi ya rasa bakin raɗa wa abu suna.

Injiniya: Baba, da girmamawa, mai leƙe ba ya taɓa komai. Wanda ya koma kan Excel zai iya canza lamba a cikin jadawali, jama'a su ga jimilla ta motsa a gabansu, kuma wannan aiki ne, ya wuce leƙe.

Dattijo: Ka ji ko, "canza"! Ga "sauya" a hannunka, ka tafi aron ta Bature. Wannan ita ce cutar da nake faɗi.

Malamin Nahawu: Ranka ya daɗe, idan za mu bi wannan hanyar, aiki zai yi mana yawa. "Allo" daga Larabci muka samo ta, haka ma "manhaja". Ita kanta "majigi" da muke tinƙaho da ita, daga kalmar Ingilishi ta fitilar nuna hotuna ta zamanin Turawan mulki ta fito, amma yau babu Bahaushen da ke jin ta baƙuwa. Harshe ba ya ƙasƙanta don ya yi aro, matuƙar ya lanƙwasa abin da ya ara ya bi ƙa'idarsa.

Dattijo: Aron da aka yi tun kafin a haifi iyayenku daban, wanda ake yi yau saboda kasala da son a ce an waye daban. Masu fassarar yanzu gidajen rediyon ƙetare suke kwaikwayo, ba sa tambayar tsofaffi.

'Yar Rediyo: Baba, a yi mana adalci. Wanda aka ba labari minti goma kafin ya shiga ɗakin watsa shirye-shirye ba shi da sukunin zagaya tsofaffi, kuma kalmomi da dama da kuke yabo a yau daga bakin 'yan rediyon suka bazu.

Mai Fassara: Iyayena, ina roƙon a dawo kan batun, Alhamis na matsowa. Ga jimlar da ta fi ba ni wuya, yadda na gyara ta yanzu: "Kada ka danna Esc, domin zai kashe nunin. Riƙe Alt ka taɓa Tab har ka kai kan tagar da kake so, sannan ka sake yin haka ka dawo kan majigi." Saura kalmar da ke nufin a yi shi sumul.

Injiniya: "Ba tare da tangarɗa ba" ta wadatar. Sai dai ki ƙara musu cewa su buɗe tagar da za su buƙata tun kafin a fara, su rufe sauran, domin idan allon kwamfuta da na bango abu ɗaya suke nunawa, jama'a za su ga jerin duk abin da ke buɗe, har da saƙonnin mutum. Idan kuma an danna maɓallin Windows da P an raba allon kwamfuta da na bango, kowane da abin da yake nunawa, tagar za ta iya buɗewa a kwamfutar mai gabatarwa kaɗai, sai ya riƙe Windows da Shift ya danna kibiya kafin ta haura bango. Wanda ya riga ya danna Esc, Shift da F5 zai mayar da shi fallen da ya tsaya.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Kan sashen zai zama "Kai-komo tsakanin tagogi ba tare da tangarɗa ba", cikin umarni kuma "koma kan" da "dawo kan". Baba, zan sa "leƙa" a wuri ɗaya, inda ake duba shafin intanet kawai a dawo.

Dattijo: Rabin kalmata kika ɗauka, 'yata, kin bar rabi. Ba komai, Allah ya ba da sa'a. Amma "burauza" ɗin nan ban yafe ba, ku buɗe mata nata zaren tattaunawar.

'Yar Rediyo: Ni ma har yanzu ina ganin "kai-komo" ta yi wa fita ɗaya yawa, sai dai ba ni da wadda ta fi ta a yanzu.