Muhawara: wai Fijo 504 ta fi ƙananan motocin yanzu tsare rai?

Baba Direba: Salam jama'a. Na faɗa a tasha kuma zan maimaita a nan, ƙananan motocin nan naku su Yaris da Picanto gwangwanin madara ne. Jiya a hanyar Zariya wata ta daki bayan bas, gaban ya lotse har gilas. Da 504 ce irin wadda a da ake haɗawa a Kaduna da fitila kawai za a canja.

Hajiya mai Yaris: Baba to mutanen ciki fa?

Baba Direba: Sun fito da ƙafarsu, Allah ya kiyaye. Amma mota ta tashi aiki.

Oga Fanalbita: Ai Baba ka ba kanka amsa. Lotsewar nan da gangan aka yi ta, gaban ne ke shanye dukan don ɗakin fasinja ya tsaya cak, wani injiniyan Mercedes ya yi rajistar dabarar tun 1952. Ƙarfen da ya ƙi lanƙwasa ƙirjinka zai miƙa wa dukan ta sitiyari. Ka nemi bidiyon da aka yi a Amurka a 2009, aka haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 gaba da gaba, tsohuwar mai uban ƙarfen ita ta murƙushe har kujerar direba.

Baba Direba: Wannan ta Amurka ce ba Fijo ba. Kuma ku bari Picanto ta haɗu da tirela mu gani

Malam Ticha: Nan kam Baba yana da gaskiya rabi, in ƙarama ta yi karo da mai nauyi ƙaramar ce ke shan kashi. Sai dai ita ma 504 ɗin gaban tirela ai kwai ce. Kuma gwajin karon nan da ake ba motoci taurari, a gudun da bai wuce kilomita 64 a awa ba ake yin na gaba, mu kuwa 140 muke takawa a Kaduna zuwa Abuja muna cin gyaɗa. Sannan ba kowace sabuwa ba ce, Suzuki S-Presso ta Indiya ko tauraro ɗaya ba ta samu ba da ƙungiyar gwajin karon motoci ta Global NCAP ta gwada ta a 2020.

Baba Direba: Yauwa! Kun ji ko

Oga Fanalbita: Ni abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Wlh motoci nawa aka kawo mana garejin sun riga sun yi hatsari a can waje, eyabag, jakar iskar nan da ke tare direba in an yi karo, ya fashe, a nan sai a mayar da murfin sitiyari a manne a sa ɗan rezista, wani ƙaramin kayan lantarki, fitilar dashbod ta mutu, mai saye ya ga mota tsaf kamar amarya alhali cikin sitiyarin wayam.

Ɗan Kwatano: Haba Oga kar ka yi mana kuɗin goro, ba kowane dila ke haka ba. Ni in mai hatsari ce ina faɗa, kuɗinta ma daban.

Hajiya mai Yaris: Innalillahi. To ni ya zan gane tawa?

Oga Fanalbita: Hajiya ki murɗa makulli kar ki tayar, fitilar eyabag ta kama ƴan daƙiƙu ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne ko ya mutu. Amma rezista na iya yaudarar wannan, don haka ki sa a bincika lambar shasi a intanet, mai haruffa da lambobi 17 ɗin nan ta ƙasan gilas, in daga Amurka ta zo sau da yawa har hotunan gwanjonta za su fito.

Malam Ticha: Kuma ko eyabag ɗin na nan lafiya, masu zagaya bel ta bayan kujera su maƙala don ƙarar ta yi shiru, shi ne zai fasa musu fuska, don an yi shi ne ya yi aiki tare da bel. Tun 1959 Volvo ta fito da bel ɗin nan, tun 2003 ƴan Rod Sefti ke kamu a kansa, har yau sai mun hango su muke jawowa. Balle Golf ɗin haya mutum biyu a kujerar gaba, wa zai ɗaura wa zai bari?

Baba Direba: Shekara talatin ina tuƙi ban taɓa ganin eyabag ba, ga ni.

Ɗan Kwatano: Allah ya ƙara tsarewa Baba. To yanzu ina 504 ɗin take?

Baba Direba: Tana gida kaji na ƙwai a ciki, injin nake nema

Hajiya mai Yaris: Oga na murɗa yanzu, ba ta kama ba fa. Ƙarfe nawa kake buɗe gareji?